DARASI: GEMU BA YA HANA HAWAN KEKE

A ƙauyuka da yawa akwai keke cikin gida, amma maigida bai iya hawa ba. Yara ne ke hawa. In an yi masa zancen koyo, sai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan darasi domin irin waɗannan magidanta ne, maza da mata. A karanta shi cikin ajin yaƙi da jahilci, a tattauna, kana a fita fili a gwada.

LABARIN WANI MANOMI

Ga misalin da ya yi kama da na mutane da yawa.

Wani manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Mirriya. Shekarunsa sun kusa 50. Yana noman hatsi da wake da damina, yana aikin garka da rani. Akwai keke a gidansa, na babban ɗansa ne. Ɗan ya tafi cin rani, ya bar keken jingine cikin zaure.

Wata rana da dare, cikin damina, zazzaɓi mai zafi ya kama ƙaramar ɗiyarsa. Jikinta ya yi kamar wuta. Gidan likita yana da nisan kilometir 9. Mai babur guda da ke ƙauyen ya tafi biki. Sai manomin ya saɓa yarinya a kafaɗa, ya bi ta cikin zaure, ya wuce keken, ya kama hanya da ƙafa. Sai da ya yi awa 2 da wani abu kafin ya isa.

Allah ya sa da sauran kwana, yarinya ta warke. Amma likita ya ce masa: “Malam, zazzaɓin cizon sauro ba ya jira. Wata rana kada a daɗe haka.”

Maganar ta tsaya masa a rai. Ranar kasuwa ya jawo keken har gindin bedi, wurin wani saurayi mai gyaran kekuna. Ya jira mutane suka rage, kana ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Ya ce: “Samari, tambaya gare ni. Mai furfura kamata yana iya koyon abin nan?”

Saurayin ya ce: “Sosai ma, Baba. Ba ka taɓa gwadawa ba?”

Ya ce: “Na gwada sau guda, ina saurayi. Abokai suka ɗora ni bisa, suka tunkuɗa ni gangara. Na faɗa cikin shingen ƙaya, gari duka ya yi dariya. Tun ran nan ban sake ba.”

Saurayin ya ce: “Ai Baba ba kai ka kasa ba, su ne ba su iya koyarwa ba. Kawo keken in cire masa feda.”

Manomin ya yi mamaki. Keke ba feda, da me za a tuƙa shi? Amsar tana cikin wannan darasi.

ABIN DA KE HANA BABBA KOYO

Abu 3 ne.

Na farko kunya. Babba ba ya son yara su ga ya faɗi. Wannan kunya ita ce ta hana mutane da yawa shiga ajin karatun manya. Wanda ya riga ya zauna bisa tabarma ya riƙe alli da gemunsa, ya san kunyar kwana kaɗan ce.

Na biyu tsoro. Tsoron yana da dalili, domin ƙashin babba in ya karye ya fi na yaro daɗewa bai ɗinke ba. Manomi kuwa in ya karye da damina, gonarsa ta lalace. Saboda haka babba yana bukatar hanyar koyo wadda ba ta da yawan faɗuwa.

Na uku mugun koyi. Mutane sun saba ɗora mai koyo bisa dogon sirdi, su riƙe, su tura, su saki. Ana so ya koyi daidaita jiki, da juya feda, da karya kwana, da kama birki, duka lokaci guda. Ba a koyon baƙaƙe duka rana guda. Haka keke, ɗaya bayan ɗaya ake bi.

Shekaru kuwa ba su hana. Wani babban marubuci na ƙasar Rasha mai suna Tolstoy ya koyi hawan keke a shekara ta 1895, bayan ya wuce shekara 65 da haihuwa.

ME YA SA KEKE BA YA FAƊUWA?

Keke ƙafa 2 gare shi. In an tsai da shi aka saki, sai ya faɗi. Amma in yana tafiya ba ya faɗuwa. Ina dalili?

A duba yaro mai gara tsohuwar taya. Muddin tana gudu, tana tsaye. In gudu ya ƙare, sai ta kwanta.

A kuma ɗauki sanda a tsai da ita bisa tafin hannu. In ta karkata dama, hannu ya bi ta dama, sai ta miƙe. In ta karkata hagu, hannu ya bi ta hagu. Haka mahayi yake yi. In keke ya karkata dama, sai ya ɗan juya kan keken dama, ƙafafun keken su koma ƙarƙashinsa, ya miƙe. Yana yin haka kowane lokaci, kaɗan-kaɗan, bai ma sani ba.

Wannan shi ne asirin keke duka. Ba ƙarfi ba ne, sabo ne. Jiki ne ke koyonsa, kamar yadda mace ke ɗaukar tulu ba ta riƙe ba. In jiki ya koya, ba ya mantawa.

Keken farko ma ba shi da feda. Wani Bajamushe mai suna Karl Drais ya ƙera shi da icce a shekara ta 1817. Mahayi yana zaune bisa, yana tura ƙasa da ƙafafunsa. Sai bayan shekara 40 da wani abu maƙeran birnin Paris suka sa masa feda. Keke mai sarƙa, mai kama da na yanzu, ya fito a Ingila a 1885. Taya mai iska ta biyo baya a 1888. Ashe duniya ma da daidaita jiki ta fara, feda daga baya ta zo. Haka ya kamata mai koyo ya bi.

SHIRI KAFIN A FARA

Keke. A nemi wanda bai fi ƙarfin mai koyo ba. A sassauko da sirdi ƙasa, har in ya zauna tafin ƙafafunsa biyu su taka ƙasa sosai. In akwai keke marar sandar tsakiya, wanda ake ce wa keken mata, ya fi sauƙi ga kowa, mace ko namiji.

Feda. A kai wa mai gyara ya cire su duka biyu. Wanda zai cire da kansa ya nemi sufana mai lamba 15. Ya lura: fedar dama tana kwancewa kamar kowane noti, amma ta hagu a juye take, wajen da ake ɗaure sauran nan ake kwance ta. Ya sa wa kowace alama, domin ba a musanya su.

Birki da iska. A tabbata birki biyu suna kamawa. A buga wa tayoyi iska har su yi tauri.

Wuri. A nemi fili mai faɗi, mai ƙasa mai tauri, kamar faƙo, ko filin ƙwallo, ko filin lakwal ranar da ba karatu. A guji rairayi, da duwatsu, da bakin rijiya, da hanyar mota. In filin yana da ƴar gangara kaɗan, ya fi kyau.

Tufafi. Babbar riga da zane mai jan ƙasa suna shiga cikin sarƙa su kada mutum. A sa ƴar shara da wando, a naɗe ƙafar wandon dama. Mace ta sa wando ƙarƙashin zane, ta ɗaure mayafi kada ya yi lilo. A sa takalmi mai kama ƙafa. Wanda ya sami hular kwano ya sa, domin ciwon kai ya fi kowane ciwo haɗari.

Lokaci. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar, sa'ad da rana ba ta da zafi. Minti 30 ya isa kowace rana. Mai gajiya ba ya koyo, faɗuwa yake yi.

Lafiya. Mai fama da jiri, ko farfaɗiya, ko raunin ido, ya fara neman shawarar likita.

MATAKI 7 NA KOYO

1. Jan keke da kama birki. Mai koyo ya tsaya gefen keke, ya riƙe kai da hannu biyu, ya yi tafiya da shi. Ya matsa birkin dama, ya duba wace ƙafa ce ta tsaya. Ya matsa na hagu, ya duba. Kekuna ba iri ɗaya ba ne: a wani birkin dama na baya ne, a wani na gaba ne. Dole kowa ya san nasa. Birki a hankali ake matsa shi, na baya da farko, na gaba ya biyo. Wanda ya damƙe na gaba kaɗai da ƙarfi, keke zai jefa shi ta gaba.

2. Hawa da sauka. Ya kama birki biyu, ya karkato keken wajensa, ya ɗaga ƙafa ya tsallaka, ya zauna. Ya sauka. Ya maimaita sau 10.

3. Tafiya a zaune. Ya zauna bisa sirdi da nauyinsa duka, ya yi ta takawa, dama, hagu, keken yana tafiya. Ido ya dubi gaba, can nesa, wajen wani icce ko bango. Kada ya dubi tayar gaba. Keke inda ido ya duba can yake zuwa. Wanda ya zuba wa rami ido, cikin ramin zai faɗa.

4. Ɗaga ƙafa. Wannan shi ne babban mataki. Ya tura ƙasa da ƙarfi sau 3 ko 4, kana ya ɗaga ƙafafu biyu kaɗan, ya bar keken ya tafi da kansa. Ya ƙirga: ɗaya, biyu, uku. In ya ji zai faɗi, ya sa ƙafa ƙasa, ai tana kusa. Kada ya sandare hannu, ya saki kafaɗa. Kada ya ji tsoron ɗan gudu, domin keke mai tafiyar hawainiya ya fi wuyar riƙewa. Ranar da ya ƙirga 10 ƙafafunsa suna sama, sau da yawa a jere, ya ci rabin aiki.

5. Karya kwana. A aje duwatsu biyu ko tsofaffin gwangwanaye da nisa tsakaninsu. Ya zagaya su da faɗi, ta dama, kana ta hagu. Ya juya kai ya dubi inda yake son zuwa, keken zai bi. Ya rage gudu kafin kwana, ba cikin kwana ba.

6. Maida feda. Yanzu a maida feda. Sirdi ya zauna ƙasa tukuna. Ya tura kamar da, in keken ya ɗauki tafiya ya ɗora ƙafafu bisa feda ba tare da ya duba ƙasa ba, ya fara juyawa. In ya saba, ya koyi tashi daga tsaye: ya ɗago fedar dama sama, ta ɗan yi gaba, ya ɗora ƙafa, ya taka da ƙarfi, kana ya ɗauko ƙafar hagu.

7. Tsayawa da sakin hannu guda. A ja layi a ƙasa. Ya taho, ya matsa birki, ya tsaya daidai bisa layin, kana ya sa ƙafa ƙasa. Birki ke tsai da keke, ba jan ƙafa ba. Daga nan ya koyi sakin hannu guda na ɗan lokaci, da waiwaye baya ba tare da keken ya kauce ba. In ya iya waɗannan, a ɗaga sirdi sannu-sannu, har ya zama gwiwa tana ɗan lanƙwashe kaɗan in feda ta kai ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana gajiyar da gwiwa a doguwar tafiya.

Kada a tsallake mataki. Wani yana gamawa cikin kwana 2, wani sai ya yi mako 2. Duka ɗaya ne. Sannu ba ta hana zuwa.

AIKIN MAI TAIMAKO

Mai taimako mutum guda ya isa. Taron ƴan kallo yana rikita mai koyo.

Kada ya riƙe kan keke. In ya riƙe, shi ne ke daidaitawa, mai koyo bai koyi komi ba. In riƙo ya zama dole, ya dafa bayan mai koyo da tafin hannu.

Kada ya yi ƙarya. Kada ya ce yana riƙe alhali ya saki. Wanda aka yaudara sau guda ba ya sake yarda.

Kada ya yi dariya, kada ya yi tsawa. In yaro ne ke koya wa mahaifinsa ko kawunsa, ya yi da ladabi. Babba kuma ya karɓi gyara, domin neman sani wurin na ƙasa ba ya rage girma.

BISA HANYAR MOTA

Iya hawa cikin fili daban, shiga hanya daban. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso, da Ƙonni, da Maradi, da Damagaram har Difa, cike take da manyan motoci dare da rana. Sabon mahayi ya fara da hanyoyin gona da na cikin gari. Sai hannunsa ya faɗa kana ya hau kwalta.

Ga dokokin da zai riƙe:

A Nijar hannun dama ake bi. Haka ma a Nijeriya tun shekara ta 1972. Mai keke ya bi gefen dama, kada ya yi gaba da gaba da motoci.

Kafin ya juya, ya waiwaya, ya miƙa hannu wajen da zai bi, dama ko hagu, don na baya ya sani.

A mararraba ya rage gudu. In motoci sun yi yawa, ya sauka ya ja keken ya tsallaka da ƙafa. Ba abin kunya ba ne.

In babbar mota ta taho, ya matsa gefe sosai ko ya tsaya. Iskarta kaɗai tana iya kada shi. Kada ya taɓa kama jikin mota ko amalanke don ta ja shi.

Da dare ya sa farar fitila gaba, da jan abu mai ƙyalli baya, ya sa tufafi masu haske. Shi yana ganin mota, amma direba ba lalle ne ya gan shi ba.

In an yi ruwa, birki ba ya kamawa da sauri. Ya fara matsawa tun da nisa.

RAIRAYI, ƘAYA DA KAYA

Rairayi shi ne babban abokin gabar keke a ƙasar nan. In kaɗan ne, mahayi ya miƙe kan keke, ya ci gaba da juya feda, kada ya karya kwana ciki. In mai zurfi ne, ya sauka ya ja.

Ƙayar aduwa da ta tsidau suna huda taya. Mai doguwar tafiya ya riƙe famfo da kayan faci. Ya zauna wurin mai gyara ya ga yadda ake nemo huda cikin kwanon ruwa, yadda ake kankare wurin, a shafa gam, a jira ya sha iska, kana a liƙa. Ƙura kuma tana cin sarƙa. A riƙa goge ta, a ɗiga mata ɗan mai.

Kada sabon mahayi ya ɗauki kaya ko mutum. In ya ƙware, ya fara da ƙaramin kaya, ya ɗaure shi tamau a baya, nauyin dama da na hagu su zo daidai. In zai ɗauki yaro, ya lura da ƙafafunsa, domin wayoyin taya suna yanke diddigen yara. Marar lafiya wanda ba ya iya riƙe kansa, a goya shi da zane a ɗaure sosai.

AMFANIN KEKE

Yau babura sun yi yawa cikin ƙauyuka. Amma babur sai da mai, mai kuwa sai da kuɗi. A shekara ta 2023, da Nijeriya ta janye tallafin man fetur, mutanen Maradi da Damagaram da Ƙonni sun ga yadda mai ya yi tsada. Keke ba ya shan mai, ba ya cin harawa kamar jaki. Shi ya sa ake ce masa dokin ƙarfe.

Mai tafiya da ƙafa yana cin kilometir 4 ko 5 cikin awa guda. Mai keke bisa hanya mai kyau yana cin 12 ko fiye, ba tare da ya wahala ba. Daga Mirriya zuwa Damagaram kilometir 18 ne. Da ƙafa wajen awa 4 ke nan, da keke awa 1 da rabi.

Amfanin nan bai tsaya ga maza ba. A ƙasar Burkina Faso, maƙwabciyar Nijar, mata da yawa bisa keke suke kai kayan lambu kasuwa. Ungozoma, da malamar karatun manya, da yarinyar da lakwal ɗinta ke nesa, duka keke zai rage musu wahala. Saboda irin wannan amfani ne Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekara ta 2018, ta keɓe ranar 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya.

ƘARSHEN LABARIN MANOMI

Manomin ya bi shawarar saurayi. Kowace safiya bayan salla yakan ja keken zuwa wani faƙo bayan gari. Ɗan ƙanensa kaɗai ke raka shi. Rana ta 4 ya ƙirga 10 ƙafafunsa suna sama. Rana ta 6 aka maida feda. Ya faɗi sau guda, ya kuje gwiwa, ya tashi ya kaɗe ƙura.

Asiri bai daɗe ba, gari ya ji. Wasu suka yi dariya a majalisa, ya ƙyale su. Bayan wata guda ya ɗaura kwandon tumatir ya kai kasuwa da kansa. Ranar rigakafi kuma shi ya kai ɗiyarsa gidan likita, suka dawo kafin rana ta yi zafi.

Wata rana da magariba, wani tsaransa daga cikin masu dariya ya yi sallama a zaure. Bayan gaisuwa ya yi shiru, kana ya ce: “Malam, abin nan da aka ce ana cire feda, yaya ake yi?”

Manomin ya ce: “Ka zo bayan gari gobe da asuba.”

LISSAFI

1. Kasuwa tana da nisan kilometir 12. Mai ƙafa yana cin kilometir 4 cikin awa, mai keke yana cin 12. Awa nawa kowannensu zai yi, zuwa da dawowa? Awa nawa mai keke ya rage?

2. A ce wani yana biyan mai babur dala 100 zuwa kasuwa, dala 100 dawowa, sau guda kowane mako. Shekara tana da mako 52. Dala nawa yake biya cikin shekara? Jika nawa ke nan, tun da jika guda dala 200 ce?

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa ake cire feda da farko?
2. In keke ya karkata dama, ina mahayi zai juya kansa?
3. Wane birki ake fara matsawa? Don me?
4. Wane hannu ake bi a hanyoyin Nijar?
5. Kilometir nawa ne daga garinku zuwa gidan likita mafi kusa? Manya nawa ne cikin ajinku za su iya kai marar lafiya can bisa keke?

Kowane ɗalibi ya rubuta mataki 7 cikin littafinsa da hannunsa. Malamin aji ya nemi aron keke guda, a sa rana, waɗanda suka iya su koya wa waɗanda ba su iya ba. Ajin da ya gwada ya rubuto wa jarida yadda aka ƙare.